Ko Ogan Na Jin Yarbanci? Waiwaye a Kan Fela Sowande

Idan aka ambaci sunan Fela a Nijeriya, hankalin kowa yakan tafi wurin mutum ɗaya, wato Fela Anikulapo Kuti, makaɗin Afrobeat da ya sha ɗauri a hannun gwamnatocin soja. Amma shekara 33 kafin haihuwarsa an haifi wani Felan, shi ma ɗan asalin Abeokuta, shi ma ɗan limamin cocin Angilika, shi ma a Landan ya ƙware a fannin kiɗa. Sunansa Fela Sowande. An haife shi a 1905, ya rasu a jihar Ohio ta Amurka a 1987, ya kuma shafe mafi albarkar shekarunsa zaune a gaban ogan, wato ƙaton abin kiɗan nan mai bututu da ake girkawa a majami'u.

Hukunci iri biyu aka saba yanke masa. Na farko yabo ne: a kira shi uban rubutaccen kiɗa na zamani a Nijeriya, a jera lambobin girman da ya samu, a rufe littafi. Na biyu kushe ne, ko da yake ba a cika furta shi a fili ba, wai mutumin ya sha nonon mishan, ya koyi kiɗan Turawa har ya fi wasu Turawan iyawa, sannan ya barbaɗa masa 'yan waƙoƙin Yarbawa kamar yadda mai tsire ke barbaɗa yaji. Mai yabon da mai kushen duk sun hutar da kansu wahalar saurare. Wanda ya kasa kunne zai tarar da wata matsala ta harshe kwance a ƙarƙashin kiɗan, matsalar da ta fi kusa da sashen nazarin harsuna fiye da yadda ake zato, kuma ita ce ta sa aikin mutumin ya cancanci a koma masa.

Abin da ake nufi da rubutaccen kiɗa shi ne wanda mai tsara shi ke zama ya rubuta kowane sauti a takarda da alamomi na musamman, hawansa da tsawonsa da ƙarfinsa, ta yadda wani makaɗin da bai taɓa ganinsa ba zai iya ɗaukar takardar bayan shekara ɗari ya kaɗa. Tsakaninsa da kiɗan da ake koya ta kunne akwai irin tazarar da ke tsakanin rubutacciyar waƙa da waƙar baka. Cikin wannan al'ada Sowande ya buɗi ido. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, ya koyar a Kwalejin St. Andrew da ke Oyo, kuma yana cikin magabatan kiɗan coci a ƙasar Yarbawa. Yaron ya yi karatu a makarantar C.M.S. Grammar da King's College a Legas, ya shiga rukunin mawaƙan babbar majami'ar Christ Church, inda ya faɗa hannun T. K. E. Phillips, wanda ya yi karatun kiɗa a Landan ya kuma riƙe ogan ɗin wannan majami'a kusan shekara hamsin. A wurinsa Sowande ya fara sanin Bach. A wurinsa kuma ya gaji wata damuwa da ta daɗe tana ci wa Kiristocin Yarbawa tuwo a ƙwarya.

Yarbanci harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa, sai dai nasa ya fi tsanani. Bahaushe ya san hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Hausa da karin sama da na ƙasa take aiki, sai faɗau da ke haɗa su a gaɓa ɗaya. Yarbanci yana da uku, sama da tsakiya da ƙasa, ga kalmominsa gajeru, saboda haka nauyin ma'anar da ke kan karin ya fi yawa. Misalin da malaman harshen ke yawan kawowa shi ne ọkọ, wadda gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta za ta iya zama miji, ko fartanya, ko abin hawa, ko mashi.

Da 'yan mishan suka fassara waƙoƙin ibada na Ingilishi zuwa Yarbanci a ƙarni na 19, gaɓoɓi suka ƙirga. In layin Ingilishi gaɓa takwas ne, sai a nemo Yarbanci mai gaɓa takwas a ɗora shi a kan raujin da aka zo da shi daga Ingila. Raujin nan kuwa bai san da zaman karin sauti ba: yana hawa inda kalma ke son sauka, yana sauka inda take son hawa. Sai ga jama'a tsaye gaban Mahaliccinsu suna rera abin da, ga kunnen da bai haddace shi ba, ko dai ba shi da ma'ana, ko kuma yana da wata ma'anar da ba ita aka nufa ba. Abin ya ƙara dagulewa ta fuska biyu. Rauji ɗaya ake maimaitawa a kowane baiti, alhali kowane baiti da nasa jerin karin, don haka ko an dace a baiti na farko, na biyu zai ɓata. Sannan al'adar cocin Ingila ta raba mawaƙa murya huɗu, kuma ƙa'idar haɗa muryoyi ta Turai ta fi son in wata murya ta hau wata ta sauka. Ke nan ko an gyara wa muryar sama hanya, sauran ukun suna karya kalmar a lokaci guda, kowace ta nata ɓangaren.

Ba Sowande ne ya fara neman mafita ba. J. J. Ransome-Kuti, kakan wancan Felan na Afrobeat, ya tsara waƙoƙin ibada da raujinsu ke bin karin Yarbanci, har ya je Landan a 1922 aka ɗauki muryarsa a faifai. Phillips ya rubuta littafi mai suna Yoruba Music, wanda ya fito a 1953, ya karkata ga a bar jama'a su rera da murya ɗaya a kan rauji mai sautuka biyar irin na gargajiya, ogan ya ɗauki nauyin ƙawata abin daga ƙasa. Abin da Sowande ya ƙara shi ne ya ɗauke waƙar daga bakin mawaƙa gaba ɗaya ya miƙa wa ogan ɗin.

Kafin ya kai ga haka ya bi wata hanya mai lanƙwasa. A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kiɗa ya rinjaye shi, kuma da shi ya ci abinci. Tun a Legas yana kaɗa jaz a rukunonin raye-raye. A Landan ya zama ɗaya daga fitattun masu piyano da ogan ɗin lantarki na Hammond. A 1936 shi ya kaɗa piyano a Rhapsody in Blue na George Gershwin cikin wasan Blackbirds, ya yi wa mawaƙiyar Amurka Adelaide Hall kiɗa, ya kuma haɗa hannu da Fats Waller. Masu rubuta tarihinsa da alƙalamin girmamawa sukan ratsa wannan zango da sauri, kamar abin kunya ne a ce ɗan limami ya kwana a kulob. Bai kamata ba. A can ya koyi riƙe taron da bai zo don ibada ba, a can kuma ya yi cuɗanya da baƙaƙen Amurka irin su J. Rosamond Johnson, waɗanda suka daɗe suna kokawa da tambayar da shi ma zai fuskanta, wato yadda za a ɗauki waƙar da talakawa suka gada a baka a shigar da ita takarda ba tare da an kashe ta ba.

Bai yar da karatun ogan ba duk tsawon wannan lokaci. A 1943 ya zama Fellow na Royal College of Organists, matakin ƙoli da kwalejin ke bayarwa ta hanyar jarrabawa, ya kuma sami digirin kiɗa na Jami'ar Landan. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne mai ogan kuma shugaban mawaƙa a Kingsway Hall, cibiyar West London Mission ta cocin Metodis, zauren da ya yi suna da kyawun amo har manyan kamfanonin faifai suka mai da shi wurin ɗaukar kiɗa. Yawancin ayyukansa na ogan a wannan zamani suka samo asali, aka buga wasu a Landan a tsakiyar shekarun 1950: Kyrie, Yoruba Lament, Jesu Olugbala, Obangiji. Oyigiyigi kuwa, wanda sunansa kirari ne na Yarbawa ga Maɗaukaki, a New York aka buga shi a 1958.

Sai an san yadda ogan yake aiki za a gane abin da ya yi. Iska ake hura wa ɗaruruwan bututu, wani lokaci dubbai, daga mai tsawon ɗan yatsa zuwa wanda ya ninka tsayin mutum sau da yawa. Makaɗin yana da jerin maɓallai biyu ko uku ko huɗu a gabansa, ga wani jeri a ƙasa da yake takawa da ƙafafu, ga kuma marikai a gefe da yake ja don zaɓen rukunin bututun da za su yi magana, masu amon sarewa ko masu amon kakaki. Muddin yatsa na kan maɓalli, sautin ba ya gajiya, ba ya numfashi. Saboda haka mutum ɗaya yana iya ware rauji guda ya ba shi murya ta daban, a hannun dama ko a ƙafa, ya bar shi yana tafiya a kan hanyarsa ba tare da an taɓa hawansa da saukarsa ba, sauran yatsun kuwa su yi ta saƙa a kewayensa. Muryoyin da ke kewayen ba kalma suke furtawa ba, don haka ba su da abin da za su karya. Matsalar murya huɗu ta kau ke nan.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a tarihin ogan, kuma a nan ne zargin kwaikwayo yake fara rauni. Johann Sebastian Bach, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, ya yi aikin mai ogan a garuruwan Arnstadt da Mühlhausen da Weimar na Jamus, kuma babban kaso na abin da ya rubuta wa ogan a kan waƙoƙin cocin Luther ya gina shi, waƙoƙin Jamusanci da kowane manomi da maƙeri a cikin taron ya haddace. Ba a rera kalmomin a irin waɗannan ayyuka, amma mai sauraro yana jin su a ransa. Abin da ake kira kiɗan duniya a yau kiɗan unguwa ne a lokacinsa. Da Sowande ya ɗauki waƙoƙin Jamusawa ko na Ingilawa ya yi musu irin wannan hidima, da ya zama almajiri mai biyayya. Ya ɗauki hanyar, ya zuba mata waƙoƙin mutanensa, wanda shi ne ainihin abin da Bach ɗin ya yi.

A ƙaddara mutum biyu suna zaune a Kingsway Hall wata ranar Lahadi bayan yaƙin duniya na biyu, ɗaya Bature ɗan Landan, ɗaya ɗalibin lauya daga Ijebu ko Ibadan, irin waɗanda ba su yi ƙaranci a birnin ba a lokacin. Baturen zai ji rauji baƙo mai daɗi, an yi masa ado irin wanda ya saba ji. Bayarben kuwa magana zai ji. Ya taso a ƙasar da gangar dundun take kiran sunan mutum ta yi masa kirari ta hanyar bin karin kalmomi kawai, yadda kalangu ke yi a ƙasar Hausa, kunnensa ya saba ciro kalma daga hawa da saukar sauti. In raujin ya kiyaye karin, to ogan ɗin yana yi masa Yarbanci, a tsakiyar babban birnin masu mulkin ƙasarsa, kuma na kusa da shi bai san ana yi ba. Yana da wuya a kira wannan barbaɗa yaji.

Sunan Obangiji kansa abin tsayawa ne ga mai jin Hausa. Ubangiji ce Yarbawa suka ara, ta zauna a bakinsu har ta shiga waƙoƙin cocinsu, daga nan ta hau bangon takardar kiɗa da aka buga a Landan. Duk mai ogan a Turai ko Amurka da ya buɗe wannan takarda, kalmar Hausa yake karantawa a samanta, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma masu kushe ba su rasa hujja ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba su da ita. Za su ce kayan aro ba ya rufe katara. Ogan yana da iyakokin da ba ya ƙetarewa. An daidaita shi a kan sautuka goma sha biyu tsayayyu, ba ya iya zamewa daga wani sauti zuwa wani yadda mai kalangu ke yi in ya matse tsarkiya a hammata, alhali magana cike take da irin wannan zamiya. Manyan bututunsa suna da nauyin baki, ga amsa-kuwwar zauren majami'a da ke cakuɗa sautuka masu sauri, don haka sarƙaƙiyar bugun ganguna, wadda ita ce ƙashin bayan kiɗan Yarbawa, ba ta fita sosai a cikinsa. Haɗin muryoyin da Sowande ya yi amfani da shi kuwa na Turai ne na ƙarni na 19, mai kauri da ƙawa, kuma akwai wuraren da adon yake danne raujin har mai saurare ya ji kamar an sa wa ɗan ƙauye babbar rigar da ta fi ƙarfinsa. Sannan ga tambayar su wa aka yi wa kiɗan. Manomin da kakanninsa suka ƙagi waɗannan waƙoƙi ba ya zuwa Kingsway Hall, ba ya sayen takardar kiɗa, kuma ba a nemi izininsa ba. Hatta aikin ba da shawara kan kiɗa da Sowande ya yi wa sashen fina-finan mulkin mallaka na Birtaniya a shekarun yaƙi yana nuna cikin wace inuwa gwanintarsa ta yi girma.

Duk wannan gaskiya ne. Inda hujjar take ɓata shi ne inda ta mai da asalin kayan aiki ma'aunin mallakar fasaha. Mai nazarin adabin Hausa ya fi kowa sanin haɗarin wannan ma'auni. Algaitar da ake busa wa sarakuna sunanta ma daga Arewacin Afirka ya zo. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan ma'aunan aruli na Larabci ta ginu, ajami aro ne, boko ma aro ne. A shekarar da Sowande ya hau jirgi zuwa Landan aka buga Ruwan Bagaja, kuma marubucinsa, Abubakar Imam, bai ɓoye cewa labaran Magana Jari Ce daga taskokin Larabawa da Indiyawa da Turawa ya ɗebo da yawansu ba. Ba wanda ya cire shi daga adabin Hausa saboda haka, domin abin da ake dubawa shi ne ko wanda ya ara ya sa abin aron yin wani aikin da bai taɓa yi ba. Kafin Phillips da Sowande, ogan a ƙasar Yarbawa yana cikin masu karya harshen. Bayansu ya zama mai kiyaye shi, ko da da tsamin baki.

Aikinsa da ya fi yawo a duniya ba na ogan ba ne. African Suite, wanda ya tsara wa rukunin gogen Turai a 1944, aka kuma ɗauka a faifan Decca a farkon shekarun 1950, yana da kashi biyar. Biyu daga cikinsu, Joyful Day da Onipe, a kan raujin Ephraim Amu na Gana aka gina su. Nostalgia begen gida ne daga bakin wanda ya shekara goma a baƙunta. Na ƙarshe, Akinla, da ƙafar hailaif yake tafiya, kuma gidan rediyon Kanada ya shafe shekaru masu yawa yana amfani da shi a matsayin taken wani shahararren shiri. Kiɗa ne mai sauƙin shiga rai, kuma sauƙin nan ya ɗan cuci mai shi, domin ya sa aka fi saninsa ta aikin da ya fi kama da katin gaisuwa daga Afirka, aka bar waɗanda ya fi zuba tunani a cikinsu. Akwai wanda ya riga shi bin wannan turba: Samuel Coleridge-Taylor, ɗan Ingila wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne, ya fitar da tarin waƙoƙin baƙar fata 24 da ya tsara wa piyano a 1905, shekarar da aka haifi Sowande. Bambancin shi ne Coleridge-Taylor daga littattafai ya tsinci yawancin nasa, Sowande kuwa da harshen aka yi masa reno. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A 1953 ya dawo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, inda ya mai da hankali ga ɗauko kiɗan gargajiya da nazarinsa. Ya rubuta Folk Symphony domin bikin 'yancin kai na 1960. Abin lura ne cewa a wannan shekara, ƙasar da ke da Sowande da Phillips a raye ta karɓi taken ƙasa da wasu mata biyu 'yan Birtaniya suka samar, Lillian Jean Williams ta rubuta kalmomin, Frances Berda ta tsara kiɗan, taken da aka ajiye a 1978 aka kuma dawo da shi a 2024.

Daga nan rayuwarsa ta ɗauki wani salo da ba a cika tattaunawa ba. Mai ogan ɗin Metodis, ɗan limamin Angilika, ya duƙufa ga binciken Ifa, taskar ilimin duba da baitocin hikima ta Yarbawa, ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan, rubuce-rubucensa na bincike suka rinjayi na kiɗa. Ana iya karanta wannan a matsayin amsa laifi, wato shi da kansa ya gano ogan ba zai ɗauki duk abin da yake son ɗora masa ba. Ana kuma iya karanta shi a matsayin ci gaban tafiya ɗaya: wanda ya fara da kiyaye karin kalma dole wata rana ya tambayi abin da kalmar take ɗauke da shi tun kafin zuwan mishan. Karatu na biyu ya fi dacewa da abin da ke cikin kiɗan. A 1968 ya koma Amurka, ya koyar a Jami'ar Howard, da ta Pittsburgh, da ta Kent State, can kuma aka binne shi.

Waɗanda suka biyo bayansa sun ga inda ya tsaya, suka wuce. Ayo Bankole, wanda aka kashe a Legas a 1976 yana ɗan shekara 41, ya shigar da haɗin sautuka na ƙarni na 20 cikin kiɗan ogan da piyano mai jigon Yarbawa. Akin Euba ya juya tambayar gaba ɗaya, ya ce maimakon a ɗora raujin Afirka a kan piyano, a sa piyanon ya yi halin ganga. Joshua Uzoigwe ya bi wannan hanya da kiɗan ƙasar Ibo. Ci gaba ne na haƙiƙa, kuma sukar da ke cikinsa ga Sowande halattacciya ce. Sai dai dukansu a filin da ya share suka yi shuka, domin shi ya fara nuna wa masu buga takardun kiɗa da kamfanonin faifai, da 'yan Nijeriya su kansu, cewa ɗan ƙasar nan zai iya rubuta kiɗa da sunansa a sama, ba a matsayin wanda aka tattaro waƙa daga bakinsa ba.

Abin damuwa a yau shi ne inda ake jin wannan kiɗa. A 2021 rukunin makaɗa na Chineke!, wanda Chi-chi Nwanoku ta kafa a Landan, ya kaɗa African Suite a bikin BBC Proms. Littattafai biyu da aka keɓe wa ayyukansa, na Godwin Sadoh a kan kiɗansa na ogan da na Bode Omojola a kan kiɗansa baki ɗaya, 'yan Nijeriya ne suka rubuta su, amma a Amurka aka buga su. A gida kuwa, in aka cire cibiyar MUSON ta Legas da 'yan tsirarun manyan majami'u da sassan kiɗa na jami'o'i, da wuya a ji shi. Dalilin ba ƙiyayya ba ce kawai, har da kuɗi. Ogan mai bututu yana da tsadar saye da tsadar kulawa, laima da hunturu suna cin fatarsa da katakonsa, masu gyaransa ba su da yawa, majami'u da dama sun koma ga na lantarki da ganguna da jita. Rubutaccen kiɗa kuwa ba kamar littafi ba ne da mutum zai karanta shi kaɗai a ɗaki. In ba a kaɗa shi ba, takarda ce kawai mai ɗige-ɗige. Ga kuma hasara ta biyu da ta fi wannan zurfi: masu ogan na ƙasashen waje za su iya kaɗa kowane sauti daidai, amma taron da ke gabansu irin Baturen nan ne na Kingsway Hall. Rabin abin da aka rubuta, wato maganar da ke cikin raujin, sai a gaban masu jin harshen yake fitowa.

Akwai aikin da jami'o'in Nijeriya za su iya yi ba tare da sun sayi bututu ko ɗaya ba. A samo kalmomin waƙoƙin da Sowande ya yi gini a kansu, masanin harshe ya sa wa kowace gaɓa alamar karinta, masanin kiɗa ya jera su a ƙarƙashin raujin yadda yake a takardar Obangiji ko Jesu Olugbala, a ƙirga inda suka dace da inda suka saɓa, a kuma duba ko saɓanin ya fi yawa a inda adon Turai ya fi kauri. Sakamakon zai iya ƙarfafa abin da aka faɗa a nan, zai iya kuma rage masa ƙarfi. Irin wannan awo ne manazarta waƙar Hausa ke buƙata game da dangantakar karin sauti da rauji a bakin Narambaɗa ko Shata, ko a waƙoƙin cocin da ake rerawa da Hausa a Jos da Kaduna da Zariya, waɗanda da yawansu su ma a kan raujin Ingila aka ɗora su ta hanyar ƙirga gaɓoɓi. Abin da aikin yake bukata shi ne malami daga sashen harsuna, da wani daga sashen kiɗa, da ɗalibin digiri na biyu da zai yarda ya riƙa kai-komo tsakanin ofisoshinsu.